Sharhi a Kan Tsofaffin Taswirorin Kwarin Gulbin Rima

A ɗakunan karatu na jami'o'i da kwalejojin horon malamai, da kuma ofisoshin safiyo, a kan sami waɗansu manyan fallayen taswira da aka zana daga hotunan sama na shekarun 1950 da 1960, masu nuna tudu da kwari da ƙoramu da garuruwa. Daga cikinsu akwai waɗanda suka shafi kwarin Gulbin Rima, tun daga Sabon Birnin Gobir, a bi ta Goronyo da Wurno da Sakkwato, har a gangara Argungu da Birnin Kabi. Nufin wannan takarda shi ne a duba waɗannan fallaye kamar yadda a ke duban littafi: wane ne ya wallafa, domin wa, me ya faɗa daidai, a ina kuma ya gaza. Abin da ya sa binciken ya zama wajibi kuwa shi ne, tun da aka datse ruwan Sakkwato da na Rima kwarin ya sake kama, tsofaffin da suka san shi a da suna ƙarewa, saura kaɗan waɗannan takardu su zama su kaɗai ne shaidar da za a riƙa kira. Shaidar da za ta tsaya ita kaɗai kuwa, lalle ne a san iyakar ganinta.

Magabatansu

Ba Turawan safiyo ne suka fara zana wannan ƙasa ba. Sa'ad da Clapperton, wanda aka sani da suna Abdullahi, ya iso Sakkwato cikin 1824, an zana masa taswira bisa umurnin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka kuwa buga ta a London cikin 1826. Taswira ce ta garuruwa da hanyoyin da ke tsakaninsu, irin wadda sarki da fatake ke bukata, har ma ta nuna Kwara ta nufi gabas zuwa Masar. Cikin 1853 Barth, watau Abdulkarim, ya sauka Wurno zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya wuce Sakkwato da Gwandu da Birnin Kabi, yana tafe yana duban ƙibla da agogo, yana rubuta sunan kowane gari da kowane gulbi. Daga waɗannan rubuce-rubuce Petermann ya zana taswirorin littafinsa. Barth ya ji Hausa, kunnensa kuwa na da kyau, amma taswirarsa kamar zare ta ke: abin da ke bakin hanya ya shiga, abin da ke bayan tudu sai wanda aka gaya masa.

Bayan waɗannan sai taswirorin rabon ƙasa. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka kafa tsinin alƙalami a kan birnin Sakkwato, suka kewaya da'ira mai nisan mil 100, suka ce ita ce iyaka. Da Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da ruwa, sai aka sake shiri cikin 1904 da 1906, kana Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi suka kakkafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Ta haka Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya kewaya ta Maraɗi da Tsibiri ya komo ya zuba a Rima, ya zama ruwa ɗaya mai taswira biyu: ɗaya da Ingilishi ana awo da ƙafa, ɗaya da Faransanci ana awo da mita.

Yadda aka yi su, da abin yabonsu

Fallayen da mu ke magana a kansu aikin ma'aikatun safiyo ne na Ikko da Kaduna, da taimakon ma'aikatar da Ingila ta kafa cikin 1946 domin zana taswirorin ƙasashen da ke ƙarƙashinta, wadda aka sake wa suna cikin 1957, aka kuma haɗe ta da babbar ma'aikatar safiyon Ingila cikin 1984. Ma'auninsu mafi amfani shi ne 1:50,000, watau santimita 2 a takarda daidai ta ke da kilomita 1 a ƙasa, kowane falle kuma ya ɗauki fili mai kimanin kilomita 27 a kowane gefe. Jirgin sama ke bi sahu-sahu yana ɗaukar hotuna, kowane hoto na hawa kan na bayansa, don in an dubi biyu tare ta cikin madubi na musamman sai tudu ya taso kwari ya faɗa. Daga nan a zana, sa'an nan a aiki ma'aikata su bi ƙasa su tambayo sunaye.

Wanda duk ya shimfiɗa waɗannan fallaye a jere zai ga abin da ba a gani daga kan doki. Zai ga manyan garuruwan kwarin, Wurno da Sakkwato da Argungu da Birnin Kabi, duk sun zauna a gaɓa, bayansu tudun gero, gabansu fadama. Wannan zama shi kaɗai ya isa darasi guda na tarihi, gama yana bayyana dalilin da ya sa Muhammadu Bello ya zaɓi Wurno ya yi ribaɗi, inda ya rasu cikin 1837, da dalilin da ya sa Kabawa suka iya tsare Argungu shekara da shekaru, ruwa na yi musu ganuwa rabin shekara. Hanyoyin ƙafa da na mota, da kasuwanni, da duwatsu da kwazazzabai, an sa su a muhallinsu da awo na gaskiya, abin da ba a taɓa yi wa wannan ƙasa ba kafin su. A kan tudu, shaidarsu karɓaɓɓiya ce ƙwarai, ba kuwa za a rage wa ma'aikatan da suka sha rana suna jan sarƙa ladansu ba.

Fadama

Matsala tana farawa ne daga inda aka sauko daga gaɓa. Tsayin ƙasa a irin waɗannan taswirori ana nuna shi da layuka masu ruwan ƙasa, galibi kuwa tsakanin layi da layi ƙafa 50 ne, kimanin mita 15. A ƙasa mai duwatsu wannan ya wadatar. Amma fadamar Rima shimfiɗaɗɗiya ce, faɗinta a wurare da yawa ya kai kilomita da dama, gangarenta kuwa a hankali ya ke, har mutum ya yi tafiya mai nisa a cikinta bai tsallake layi ko ɗaya ba. Ga mai duban takarda, duk fili ɗaya ne sumul kamar faifai.

Manomin fadama kuwa da kamu ya ke awo. Inda ruwa ke zurfi ya daɗe, can a ke shuka shinkafar nan ta gargajiya mai ƙara tsawo yadda ruwa ke ƙaruwa. Inda ya fi wancan tudu da kamu ɗaya ko biyu, wani irin shinkafa ne ke yi. Gefen gulbi inda ambaliya ta tara rairayi da laka ya ɗan ɗaga, dawa ce ke tsayawa. In ruwa ya janye, a bi danshi da albasa da taba da rake da dankali, a kafa jigo a bakin rijiya marar zurfi. Gurabun da ruwa ya maƙale a cikinsu na Sarkawa ne da sauran masunta, da dokokinsu na ranar da za a shiga su da ranar da ba a shiga. In an kwashe amfani kuma, Filani su gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawa, su bar taki. Ashe fili guda ya kan yi masu shi uku cikin shekara ɗaya, kowa da lokacinsa, kowa da haƙƙinsa sananne.

Duk wannan tsari, taswira ta yi masa kuɗin goro da alama guda, 'yan tsirarun ciyayi shuɗɗa, waɗanda mabuɗin alamu ya fassara da kalmar Ingilishi mai ma'anar dausayi ko wurin da ruwa kan malale. Kalmar ba ƙarya ba ce, ruwa na malale wurin. Aibinta shi ne abin da ta ke sa wa a zuciyar mai karatu. Ga ma'aikacin da ke zaune a ofis a Ikko ko London, dausayi wuri ne da ba shi da mai shi, yana jiran a gyara. Ga mutumin Augie ko Silame kuwa, nan ne rumbu, gonar da ta fi kowace tsada, wadda a kan yi shari'a a kanta har jikoki. Harshen Hausa ya rarrabe tudu da jigawa da fako da laka da dabaro, ya rarrabe gulbi da rafi da ƙorama da tafki da gurbi da kududdufi, domin kowane ɗaya da aikinsa. Mabuɗin alamu bai ɗauki ko rabin wannan ba.

Abu na biyu shi ne lokaci. Ba a ɗaukar hoton sama sai gizagizai sun yaye, watau bayan ɗaukewar damina. Saboda haka kowane falle hoton yini ɗaya ne na kaka ko na rani, aka daskarar da shi ya zama kamar haka ƙasar ta ke kullum. Gulbin da aka zana siriri, cikin Agusta da Satumba ya kan cika fadama daga gaɓa zuwa gaɓa. Hanyar ƙafa da aka ja ta ratsa kwari, watanni da dama sai da jirgin fito. Tunga da rugga, waɗanda asalinsu zama ne na ɗan lokaci, wadda jirgi ya tarar ta shiga taswira ta dawwama, wadda aka tashi kafin ya zo ta zama kamar ba a taɓa yin ta ba. Har wa yau, shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960 shekaru ne na wadatar ruwan sama a duk wannan sashe na Afirka, kafin farin 1973 da na 1984. Tafkin da aka zana cike, cikarsa ta zamanin yalwa ce.

Abu na uku ya shafi masu shari'a da masu sasanta rikici. Gona mai eka ɗaya, in murabba'i ce, kowane gefenta kimanin mita 64 ne. A ma'aunin 1:50,000 wannan bai kai milimita ɗaya da rabi ba, watau bai kai ƙwayar gero ba. Burtali kuwa ko kaurin layin alƙalami da ƙyar ya kai. Banda haka, tushen awon waɗannan taswirori yana Minna ne, na'urorin zamani masu karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam kuwa wani tushe dabam su ke bi, bambancin da ke tsakaninsu a wannan yanki ya kusa mita 100. Wanda ya ɗora sabon awo a kan tsohon falle bai gyara wannan ba, ya ƙaurar da kowace gona zuwa cikin ta maƙwabci. Ga kuma halin gulbin kansa, wanda ya kan bar hanya ya fasa wata cikin damina guda. Inda aka ce gulbi ne iyakar gunduma da gunduma, sai a tambaya, gulbin wace shekara? Taswira tana iya ba da amsar inda ya ke ranar da aka ɗauki hoto. Ba ta da ikon faɗin inda ya ke ranar da magabata suka yi alkawari.

Sunaye

Nan ne abin ya fi shafar ma'abuta nazarin Hausa. Tun wajen ƙarshen shekarun 1930 a ke buga Hausa da haruffa masu lanƙwasa, amma masu taswira ba su ɗauke su ba. Ga Bature, wannan ƙaramin abu ne. Ga Bahaushe kuwa kaura dawa ce, ƙaura tashi ne daga gari, mai karanta sunan ƙauye a takarda ba shi da hanyar sanin wanne a ke nufi. Dubi Alƙalawa, babban birnin Gobir a bakin Rima, wanda ya faɗi cikin 1808. Masu ba da tarihi suna danganta sunan da alƙalin Zamfara, wanda a gonarsa aka ce Gobirawa suka fara sauka. Lanƙwasar harafi guda ce ke riƙe da wannan labari, in an miƙe ta labarin ya tafi. Haka Sakkwato da Kabi suka shiga takarda da siffar da bakin baƙo ya ba su, siffar kuma ta komo ta zauna a allunan hanya da takardun makaranta, har yaran wurin suka tashi suna rubuta sunan garinsu yadda ba su faɗinsa. A tsallaken iyaka Faransawa sun yi nasu, Birnin Ƙonni da gulbi duk sun sami wasalin Faransanci.

Akwai kuma al'adar masu taswira ta ba kowane ruwa suna ɗaya daga mafari har matuƙa. Mutanen kwari ba haka su ke yi ba. Ruwa ya kan ɗauki sunan ƙasar da ya ke ratsawa, shi ya sa wanda ya wuce Argungu da Birnin Kabi a ke ce masa Gulbin Kabi, reshen da a ke yin bikin kamun kifi a cikinsa a Argungu kuwa Matan Fada. Sa'an nan kowane gurbi da mashigi da mashaya da gungu yana da nasa suna, sunan kuwa sau da yawa shi ne takardar mallaka, gama yana ɗauke da sunan wanda ya fara sara ko gidan da ke da ikon su a wurin. Taswira ta rubuta sunayen wuraren da mutane ke kwana, ta bar na wuraren da su ke aiki. Cikin fadama, inda sunaye suka fi yawa a baki, nan takarda ta fi zama fara.

Duk da haka, sunayen da ta rubuta ba abin yarwa ba ne. Wanda ya bi falle guda ya ƙidaya Tungar wane da Gidan wane da Ruggar wane da Sabon Gari, ya dubi inda kowane iri ya fi yawa, zai sami tarihin yadda aka cika ƙasar da mutane, wanda babu shi a littattafan sarauta.

Bayan madatsun ruwa

Cikin shekarun 1960 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi binciken ƙasa da ruwa na kwarin Sakkwato, ta ba da rahoto cikin 1969. Bayan haka aka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, aka gama cikin 1978, kana ta Goronyo a kan Rima cikin 1984. A Bakolori ruwa ya ci gonaki da ƙauyukan dubban mutane, rigimar diyya da rabon gonaki ta yi tsanani, har cikin Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta, aka rasa rayuka waɗanda har yau ana saɓani a kan adadinsu. A ƙasa da madatsa kuwa, binciken W. M. Adams ya nuna ambaliya ta ragu, gonakin shinkafa da yawa suka koma na gero da dawa, noman rani da su suka ja baya, asarar da lissafin ribar aikin bai ba ta matsayin da ya kamace ta ba.

Zalunci ne a ɗora wa fallen taswira alhakin wannan, gama masu aikin sun yi nasu awon da ya fi shi zurfi. Abin da za a iya faɗi shi ne, ido ɗaya ne ya yi duka biyun, idon da ya iya auna ruwa da ƙasa amma bai sami ma'aunin haƙƙin manomi da masunci da makiyayi a kan fili guda ba. Baƙo ko da ido makaho ne.

Abin mamaki, madatsun nan su ne suka ƙara wa tsofaffin fallayen daraja. Ƙauyen da ke ƙarƙashin tafkin Bakolori yau, a takarda kaɗai za a ga inda ya zauna da hanyar da ta kai shi kasuwa. Alamar dausayin nan ma da muka soka tana da ranarta. Daga 1945 zuwa yau mutanen wannan ruwa sun sha ganin haka: ambaliyar 1945 ce ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari har aka mai da shi kan tudu, cikin Satumba 2010 kuma Rima ta cika ta ci ƙauyuka da yawa a ƙasar Goronyo da kewayen Sakkwato, ta yanke hanyar jami'a. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Wanda zai yanka filin gini a gefen fadama, da ya dubi inda tsohon falle ya sa shuɗi da ya amfana.

Ga malamai

Abin da ya fito daga wannan bincike shi ne, waɗannan taswirori shaidu ne masu gaskiya amma masu gajeren gani: sun san tudu, sun ga fadama sau ɗaya da rani, ba su ji Hausa sosai ba. Irin wannan shaida ba a korarta, ba a kuma yanke hukunci da ita ita kaɗai.

Saboda haka muna ba malaman kwalejoji shawara uku. Ta farko, a koya wa ɗalibi ya fara karanta gefen falle kafin tsakiyarsa, gama a nan a kan rubuta shekarar ɗaukar hoto da shekarar bugu, tsakaninsu kuwa a kan sami shekaru. Ta biyu, a haɗa darasin labarin ƙasa da na Hausa: a ɗauki falle guda, a tafi da ɗalibai ƙauye guda na bakin fadama, a zauna da Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da Arɗo, kowa ya nuna nasa, a rubuta sunan kowane gurbi da mashigi da burtali da ƙa'idar rubutun Hausa, da lanƙwasa da tsawon wasali da karin sauti, a kuma rubuta abin da a ke shukawa a da da abin da a ke shukawa yanzu. Ta uku, a ɗauki hoton fallayen a ajiye a kwamfuta kafin gara da danshi su gama da su, a haɗa kowane falle da abin da aka ji daga bakin mutanensa.

Takarda tana iya jira shekara ashirin in an adana ta. Dattijon da ya yi noman shinkafa a fadamar Rima kafin 1978, yana da wayonsa a lokacin, yau ya ba shekara sittin baya. Shi ya kamata a fara zuwa wurinsa. Allah ya sa mu dace.